Koya wa yara tarihin ƴan ci-ranin yammacin Amurka

Malama, kin tambayi yadda za ki koya wa ɗalibanki rayuwar turawan da suka yi ƙaura zuwa yammacin Amurka ba tare da sun yi gyangyaɗi ba. Ki ba hannunsu aiki.

Fara da keken shanu. Ki zana shi a ƙasa da alli, faɗi ƙafa 4, tsawo ƙafa 10, ki raba yaran gida-gida. Ki gaya musu daga jihar Missouri za su tashi zuwa yankin Oregon da ke can yammacin Amurka a shekarun 1840, tafiyar kusan mil 2,000, wata 4 zuwa 6. Kowane gida ya zaɓi kayansa: garin alkama, gatari, tukunya, bargo. Musun da za su yi kan abin da za a bari shi ne darasin, kada ki yi saurin raba gardama.

Sannan ki zuba kirim ɗin madara a kwalba, su riƙa girgizawa ana miƙa wa juna har man shanu ya fito. Ki fara tambayar iyaye ko akwai wanda madara ba ta karɓe shi ba. Ki bar batun narka kyandir, ƙuna ba wasa ba ce.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a nuna tafiyar kamar yawon shaƙatawa. Kwalara ta kashe mutane da yawa a hanya. Ƙasar kuma ba kango ba ce, akwai ƴan asalinta da aka raba da muhallinsu. A wannan ɓangaren ki nemi malamin tarihi ya duba bayananki kafin ki shiga aji.