Kamfani da sunana, amma na Honarabul ne: ya halatta in ci kason da nake cirewa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin cikin birnin Kano ne. Shekara shida ke nan ina tare da wani ɗan majalisar dokokin jiha, tun yana neman takara har ya zarce karo na biyu, kuma yana biyana albashi duk wata. Bara ya sa na yi rajistar kamfani da sunana, amma gaskiya nasa ne, ni sa hannu kawai nake yi. Da kamfanin aka karɓi aikin mazaɓa na rijiyoyin burtsatse uku masu sola. A takarda zurfin kowacce mita 70 ne da farantan sola takwas, mu kuwa mita 40 muka haƙa, muka sa huɗu-huɗu. Kuɗin ta asusun kamfanin suke shigowa, in cire kashi 5 cikin ɗari, in tura masa ragowar. Mutum ne mai alheri, shi ya biya wa mahaifiyata kuɗin asibiti. Ana ta maganganu a kansa a rediyo, har da batun takardun makarantarsa. Wani malami ya ce min kuɗin gwamnati na kowa ne, wanda ya ɗiba haƙƙinsa ya ɗiba. Shin kason nan halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya. Ɗan'uwa, wanda zuciyarsa ta kwanta da abu ba ya rubuto adadin mita da farantai dalla-dalla haka, don haka zan yi maka magana ba ɓoye-ɓoye.

Albashinka na wata halal ne matuƙar aikin da kake yi a kansa halal ne. Kuɗin asibitin ma ba na ce ka mayar ba, tunda mutumin yana da albashi da alawus na halal, kuma ba ka san daga wane aljihu ya ciro ba.

Matsalar tana cikin kalma guda da ka faɗa da bakinka: "amma gaskiya nasa ne". Da a ce kamfanin naka ne na haƙiƙa, ka nemi aiki kamar kowa, ka samu, ka yi shi yadda aka rubuta, da ribarka halal ce ko da mai gidanka ɗan majalisa ne. Amma a nan me aka saya a wurinka da kashi 5 ɗin? Ba ka da injin haƙa, ba ka zuba jari ba. Sunanka aka saya, don a rufe fuskar wanda doka ta hana ya tsaya a wurin. Majalisar Kano kujera 40 ce, kowane mai kujera ya yi rantsuwa cewa ba zai bar son ransa ya rinjayi aikinsa ba. Su ne suke amincewa da kasafin kuɗi, kuma sashe na 128 na kundin tsarin mulkin 1999 su ya ba ikon bincike don bankaɗo almundahana da ɓarnar dukiya. Jadawali na biyar na kundin ya hana mai riƙe da muƙami ya sa kansa inda maslaharsa za ta ci karo da aikinsa. To idan wanda ya sa aikin a kasafi shi ne ɗan kwangilar, kuma shi ne mai sa ido, wa zai zo ya zura igiya ya auna rijiyar? A kan wannan sharaɗi ya karɓi amana, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Saboda haka kason haramun ne, ko da an haƙa mita 70 cif. Hadisin Ibnul Lutbiyya, mai karɓar zakka da Annabi (SAW) ya tsawata wa kan kyautar da ya karɓa a bakin aiki, da hadisin ma'aikacin da ya ɓoye ko da allura ce daga dukiyar jama'a, sanannu ne, ba sai na maimaita ba.

Balle kuma an tauye aikin. Ƙasar Kano mafi yawanta dutse ne a ƙarƙashi, ruwa mai ɗorewa yana cikin tsagar dutsen, shi ya sa ake awon ƙasa kafin a rubuta zurfi. Wanda ya tsaya a sama zai ga ruwa bayan damina, a ɗauki hoto, a yanke ƙyalle. Da zarar bazara ta kama, wajen Maris zuwa Mayu, ruwan ƙasa ya ja baya, famfon ya riƙa jan iska har ya ƙone. Farantai huɗu a inda aka lissafa takwas ba za su tayar da famfon ba sai rana ta take, tankin ba zai cika ba. Daga nan sai matan unguwar su koma jiran kurar ɗan garuwa suna sayen jarka da kuɗin cefane, alhali a takardar gwamnati an rubuta cewa an gama musu da matsalar ruwa, ba kuma za a sake sa su a kasafi nan kusa ba. Takardar shaidar kammala aiki da aka biya kuɗi a kanta shaidar zur ce, kuma da sunanka aka nema.

Yanzu maganar malamin da ka ambata. Wannan magana ta yaɗu a garin nan, har a bakin mutanen da ake ganin girmansu, kuma tana da ɗan tushen da aka karkatar. Gaskiya ne malamai da yawa daga Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanabila sun ce ba a yanke hannun wanda ya saci dukiyar baitulmali, saboda shubuhar cewa yana da rabo a ciki. Amma magana suke a kan haddi, ba a kan halacci ba. Ɗage haddi ba ya nufin abin da ya ɗauka ya zama nasa. Ai hadisi ya ce ba a yanke hannun maha'inci da mai fizge, shin wani ya taɓa cewa ha'inci ya halatta? Sannan a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta ko wannan sassaucin babu. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta inda Ibnu Abi Zaid ya ce wanda ya yi sata a rumbun jama'a ko baitulmali a yanke masa hannu.

Idan mai ɗibar ya ce haƙƙinsa yake ɗiba, sai mu tambaye shi: nawa ne haƙƙin, wa ya auna masa? Dukiyar tarayya ba a ɗibar ta sai an raba. Magaji yana da rabo tabbatacce a gidan mahaifinsa, amma ba zai ciri ƙofa ya kai kasuwa kafin rabon gado ba. Wannan kuɗin ma ya riga ya fita daga "na kowa", tunda an ware shi da sunan unguwanni uku da rijiyoyi uku, masu shi sanannu ne, za ka iya zuwa ka ƙirga gidajensu. Idan kuma ya ce ai gwamnatin ba ta Musulunci ba ce, to harajin 'yan Kantin Kwari da Singa da kason man fetur ba dukiyar gwamna ba ce, ta talakawa ce, kuma tsarin mulki ko wane iri ne ba ya halatta wa Musulmi cin amanar da ya karɓa da rantsuwa. Dubi abin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa: Abu Musal Ash'ari a Basra ya ba Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar, rancen dukiyar baitulmali su yi fatauci su kai uwar kuɗin Madina. Sun kawo ta cif, ko dirhami bai yi ciwon kai ba. Duk da haka Umar ya tambaya ko duk rundunar aka ba irin wannan rance, da aka ce a'a, ya nemi su kawo har ribar, daga ƙarshe aka mai da shi ƙiradi, wato jarin da ake ba mai fatauci a raba riba, baitulmali ya karɓi rabin riba. Kusanci da mai mulki kawai ya jawo wannan, ina ga wanda ya rage mita 30 a kowace rijiya?

Abin da za ka yi: ka daina sa hannu daga yau. Ka je banki ka karɓi bayanan asusun tun ranar da aka buɗe shi, ka lissafa abin da ya shigo, da abin da ka cire wa kanka, da wanda ka tura. Ka adana kwafin takardar kwangila da takardar ƙididdigar kayan aiki. Kason da ka ci bashi ne a wuyanka, kuma ba masallaci ko gidan marayu za ka kai ba, domin masu shi suna nan. Ka sayi farantan da aka rage, ka kira masu haƙa su duba ko za a iya ƙara zurfi. Sau da yawa idan an riga an zura bututu sabuwa ake haƙawa a gefe. Ka kuma sani, a wurin malamanmu wanda ya karɓi kayan ƙwace yana sane hukuncinsa ɗaya da mai ƙwacen, don haka kuɗin da suka bi ta hannunka ma ana iya bin ka su. Ka sami ɗan majalisar ku biyu, cikin ladabi, ka ce ya cika aikin ya kuma cire sunanka daga kamfanin a hukumar rajistar kamfanoni. In ya ƙi, ka nemi lauya, kuma ya halatta ka kai takardunka hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ko ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci ta tarayya. Wannan ba butulci ba ne. Ranar da bincike ya zo, sunanka da lambar shaidarka ta banki (BVN) za a gani, shi babu inda ya sa hannu.

Batun takardun makarantarsa da abin da ake faɗa a rediyo, ba ka gani ba, ka kame bakinka, kuma kada fushi ya sa ka hau Facebook da abin da ka sani ka haɗa da wanda ka ji. Ka fara neman wata sana'a tun yanzu, domin mai yiwuwa albashin ya tsaya, ka kuma sanar da iyalinka kafin abin ya zo musu bagatatan. Allah ne mafi sani.