Wace matatar ruwa ce ta dace da gidana?

Tambaya: Wata uwargida daga Kano ta rubuto cewa: "Ruwan 'yan ga-ruwa muke sha, yarana kuma ba sa rabo da ciwon ciki. Wani mai talla ya tsoma wasu ƙarafa a kofin ruwanmu ya jona wuta, nan take ruwan ya yi ja kamar tsatsa. Ya ce sai na sayi matatar RO, na'urar nan mai aiki da wuta da ke cire har narkakken gishiri daga ruwa. In saya?"

Amsa: Hajiya, kada wannan kofin ya tayar miki da hankali. Jan da kika gani daga jikin ƙarfensa ya fito, wutar lantarki ce ta ci ƙarfen, tsatsar ta zuba a ruwan. Ruwa mai tsabta ma haka zai yi, muddin akwai ɗan gishirin ƙasa a cikinsa. Shi ma ma'aunin TDS, mai kama da biro, narkakken gishiri kawai yake aunawa, ba ya ganin ƙwayar cuta.

Ki fara kai yaran asibiti. Game da ruwa kuwa, jarkar da ta bi hannu da yawa ƙwayoyin cuta ne babban abin tsoronta, kuma ba sai da na'ura mai tsada ake maganinsu ba. Nemi matatar nan mai bokiti biyu, ɗaya kan ɗaya, da kyandir ɗin yumɓu a tsakani. Ba ta cin wuta, tana tare laka da yawancin ƙwayoyin gudawa. Akwai ƙanana ƙwarai da kan sulale, don haka ki sa maganin kashe ƙwayoyin cuta na ruwa, wato ki ɗiga WaterGuard ko ki jefa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a jiki, ki jira minti 30. Ko ki tafasa na yara, ya yi minti ɗaya yana zaɓaɓɓaka. Idan ruwan ya zo da duhu, a sa alif ko dakakken ƙwallon zogale ya kwanta tukuna, don kada kyandir ya toshe da wuri.

Da kin ga ɗigar ruwan ta ragu, ki goge kyandir ɗin da burushi mai laushi, ba sabulu. In ya tsage ko da kamar zare ne, aikinsa ya ƙare. Saboda haka tun kafin ki biya, ki tambaya ko ana samun na canji a kasuwa. Sannan ki lura da moda. Abin yana min ciwo in ga an tace ruwa an zuba a randa, yaro ya dawo daga wasa ya zurma hannu har gwiwa. Ki ajiye na sha a mazubi mai murfi da famfo.

Tambaya: Wani magidanci ya ce: "Ruwan burtsatsenmu garau yake, amma haƙoran yara suna yin ja. Tafasawa za ta yi?"

Amsa: Malam, ba za ta yi ba. Wannan alama ce ta yawan sinadarin fuloraid, wanda ba shi da launi balle wari, tafasawa kuma ƙara masa ƙarfi take yi saboda ruwa ne ke tashi ya bar shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan burtsatse mai yawan wannan sinadari ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Kyandir da matatar gawayi ba sa cire shi.

Ka ɗebi ruwan a gora mai tsabta, ka kai ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a, a duba fuloraid da dalma. In ya yi yawa, a nan ne RO ta cancanci kuɗinta. Sai dai tana son wuta, tana zubar da ruwa fiye da wanda take tacewa, ana kuma canza matatun gabanta duk wata 6 zuwa 12. Ka sayi ƙarama don sha da girki kawai, wanda take zubarwa a tara don shara da bayan gida. Kafin sakamako ya fito, ka sama wa 'yan ƙasa da shekara 8 wani ruwan, domin yanzu haƙoransu na dindindin ke ginuwa.