Tambaya da Amsa: Umarnin Shugaba, Rumbun Hatsi da Mulkin Allah

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnati ne a wani shingen bincike da ke kan hanyar iyaka. Shugabanmu ya yanka mana abin da za mu riƙa karɓa a hannun kowane direba ba tare da rasit ba, da yamma a haɗa a raba. A majami'a kuma ana karanta mana Romawa 13, cewa mu yi biyayya ga mahukunta. Wanne zan bi? Daga ɗan'uwanku a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da ba ka haɗiye wannan magana ba. Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa ne a zamanin Nero, sarkin da ya hau mulki a shekara ta 54, kuma ba mai tsoron Allah ba ne. Saboda haka biyayyar da ya nema ba ta tsaya ga shugaban da muke so kaɗai ba. Nijar ta ga juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, ta ga kaki ta ga farar hula, kuma a ƙarƙashin kowanne aikin Kirista bai sauya ba: ya biya haraji, ya kiyaye doka, ya yi wa shugabanni addu'a kamar yadda 1 Timoti 2 ta ce.

Amma ka karanta har aya ta 4. Can aka kira mai mulki ma'aikacin Allah domin amfanin jama'a. Ma'aikaci kuwa yana da wanda ya aike shi, yana da iyakar aikensa. Kuɗin da kake faɗa ba haraji ba ne, domin ba ya shiga baitulmali. Ƙwace ne, kuma dokar ƙasa da kanta ta hana shi, don haka in ka ƙi karɓa kai ne mai biyayya ga hukuma. Da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki ba. A Luka 3:12-14 ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙazafi, su dogara ga albashinsu.

Ƙin yana da tsari. Ka fara da rarrabe umarnin da ya yi maka nauyi da umarnin da zai sa ka zunubi. Aikin dare ko sauyin wurin aiki da ba ka so, ka yi haƙuri ka bi. Umarnin da ya taka dokar Allah ne ya shiga ƙarƙashin Ayyukan Manzanni 5:29, inda manzanni suka ce wajibi ne a bi Allah fiye da mutum. Daga nan ka sami shugaban a keɓe, da ladabi, ka ce ranka ya daɗe, ni ba zan iya karɓa ba, ba zan kuma shiga rabo ba, amma duk wani aikin da aka ba ni zan yi. Daniyel ma haka ya yi a babi na 1: bai tayar da murya ba, ya roƙi a gwada shi kwana 10. In an matsa maka, ka nemi a rubuto umarnin a takarda. Da wuya mai irin wannan umarni ya yarda ya sa hannu. Ka riƙa rubuta rana da abin da aka ce maka, ka kuma sanar da dattawa biyu na ikilisiya tun da wuri.

Abu biyu ne suka fi ɓata lamarin. Na farko, karɓar rabo sau ɗaya don a zauna lafiya: daga ranar sunanka ya shiga, bakinka ya mutu. Na biyu, kai ƙara Facebook ko WhatsApp kafin a bi hanyar ofis, wanda yakan mai da mai gaskiya mai laifin ɓata suna. Ka kuma shirya wa abin da zai biyo baya, domin ana iya tura ka wani ƙauye mai nisa. A nan ikilisiya take da bashi a wuyanta: wanda ya rasa abin hannu saboda gaskiya, a taimaka wa iyalinsa da cimaka da kuɗin makarantar yara.

Tambaya: A majami'armu an dakatar da wata yarinya daga cin Jibin Ubangiji don ta je bikin da aka yi kiɗa. Amma akwai dattijon da ke saye hatsi da kaka ya kulle, da damina ya ba da buhu ɗaya a biya shi biyu, kuma shi ne ke zama a gaba, ba ya fasa zakka. Wannan daidai ne? Daga wata uwa a Tsibiri.

Amsa: Inna, ba daidai ba ne. Ajiyar hatsi a kanta ba laifi: Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar shekara bakwai, ya buɗe rumbuna da yunwa ta zo. Wanda Karin Magana 11:26 ta ce jama'a za su la'anta shi ne mai riƙe hatsi sai tsada ta kai inda yake so. Fitowa 22:25 ta hana cin ruwa a bashin matalauci.

Mu yi lissafi. Manomi ya ci buhu ɗaya a watan Yuli ya biya biyu a Oktoba, wato riba ninki cikin wata uku. Rumbunsa ya shiga sabuwar shekara da giɓin buhu biyu, don haka baɗi zai ƙare da wuri ya sake cin bashi. Bayan ƴan shekaru gona ta tafi jingina, samarin gidan sun tafi ci-rani. Irin wannan kuka ne Nehemiya ya ji a babi na 5, ya tara manya ya sa suka mayar da gonaki. Mutanen Maraɗi ba su manta 2005 ba, lokacin da hatsi ke jibge a kasuwa amma yara na ramewa a cibiyoyin jinya don iyaye ba su da kuɗin saye. Mugunta irin wannan ta wuce zuciyar mutum ɗaya, ta zama tsarin da kowa ke cewa ai haka ake yi.

Me ya sa ikilisiya ke ganin yarinyar ba ta ganin dattijon? Domin doka ta zahiri tana da sauƙin ƙirgawa: ɗankwali, kiɗa, zakka. Kuma takan faɗa kan marar ƙarfi. Yesu ya tsauta wa Farisiyawa a Matiyu 23:23 don suna fitar da zakkar na'ana'a, sun bar manyan al'amura na Shari'a: gaskiya, jinƙai da aminci. Bai ce a daina zakka ba. Ya ce ba ta rufe bakin zalunci. Dattawa su bi Matiyu 18:15-17 da wannan bawan Allah, mutum ɗaya tukuna, sannan da shaidu, a nemi ya yafe ninkin ya karɓi abin da ya bayar.

Tsawatawa kaɗai ba za ta cika tukunya ba, shi ya sa muke ba da shawarar bankin hatsi. A saye da kaka, a tabbatar ya bushe sarai, a jera buhuna kan katako nesa da bango saboda danshi da gara. Makullai uku a hannun mutum uku, a ciki har da mace, da littafin shiga da fita da ake karantawa a gaban jama'a. Da damina a sayar da tiya tiya, kada a sayar da buhu, in ba haka ba ƴan kasuwa za su kwashe. A ɗora riba kaɗan don maye asara. Abin da ya fi kashe bankunan nan shi ne bashin da ake ba dangin shugabanni ba a biya. A sayar wa Musulmi da Kirista a farashi ɗaya.

Tambaya: Tunda Yesu ya ce mulkinsa ba na duniyar nan ba ne, ina ruwan Kirista da siyasa? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ɗana, ka ƙarasa ayar, Yahaya 18:36. Yesu ya ce da mulkinsa na duniya ne da bayinsa sun yi yaƙi. Maganar tushen mulkin ce da makamansa, ba a ce a juya wa gari baya ba. Irmiya 29:7 ta umarci waɗanda aka kai bauta su nemi zaman lafiyar Babila. Annabi Natan ya shiga fada ya faɗa wa Dawuda laifinsa, kuma Akbishop Janani Luwum na Uganda ya kai wa shugaban ƙasar, Idi Amin, koke kan kashe-kashe, aka kashe shi a Fabrairun 1977. Don haka ka shiga kwamitin unguwa, ka yi zaɓe idan an buɗe, ka nemi kujera in kana da baiwar. Fasto dai kada ya ɗaga tutar jam'iyya a bagade, kada kuma ya karɓi kyautar ɗan siyasa a ɓoye. Duk abin da aka kawo, a shigar da shi littafin ma'aji a sanar ranar Lahadi.