Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Kwabbaina Ke Saurin Ƙarewa a Foka?

Tambaya: Na fara koyon foka, samfurin Texas Hold'em, amma kullum kwabban wasana ne ke fara ƙarewa. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, bari mu fara da tsarin. Kati 52 ne. Ana ba kowa biyu a kife, a buɗe biyar a tsakiya: uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Daga bakwai ɗin nan kake haɗa biyar mafi ƙarfi. Biyar a jere masu zane ɗaya su ne gaba, sai huɗu masu lamba ɗaya, sai uku da biyu, sai biyar masu zane ɗaya, sai biyar a jere, sai uku, sai tagwaye biyu, sai tagwaye, sai babban kati.

Abin da ke cinye sabon shiga shi ne shiga kowane zagaye. A teburin mutum tara, cikin rabo goma ka ajiye kusan takwas tun kafin a buɗe komai. Ka shiga da manyan tagwaye, ko as (katin da ya fi kowane girma) da sarki, ko as da sarauniya. As da 4 kuwa tarko ne: in as ya fito a tsakiya za ka ɗauka kai ne gaba, alhali mai as da sarki ya danne ka, kuma sai ka zuba da yawa kafin ka gane. Wurin zama ma yana da tasiri. Wanda ke magana a ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi, shi ne zai iya sassautawa wajen zaɓen katin da zai shiga da shi.

Sai lissafi, wanda muke roƙonka kada ka yi masa kasala. A ce bayan an buɗe ukun farko kana da kati huɗu masu zane ɗaya. Saura tara masu wannan zanen cikin 47 da ba ka gani ba, wato kusan kashi 19 cikin ɗari a kati na gaba. Akwai 100 a tsakiya, abokin wasa ya zuba 50. Za ka sa 50 don cin 150, ke nan kana buƙatar kashi 25 kafin biyan ya yi riba. Naka 19 ne kawai, don haka ajiye. Da 20 ya zuba, kashi 14 sun ishe ka, sai ka bi.

Burga da kati mara ƙarfi kuma, jinkirta ta. Sababbin 'yan wasa ba sa janyewa, bin ka za su yi har kati na biyar.