Robar da ke cin jita

Ɗana, kana tambaya me ya sa ba za mu goge farantin robar nan mai kare fuskar jita daga karcewa mu mayar da shi ba, tunda mai jitar ya ce gadon mahaifinsa ce, ba ya son a canza mata komai. Matso, shinshina cikin akwatin jitar. Ka ji wani tsami-tsami haɗe da ƙamshin kafur? To, ciwon ke nan.

Wannan ba irin robar bokiti ba ce. Seluloid sunanta, wani Ba'amurke, John Wesley Hyatt, ya fito da ita wajen 1870. Auduga ake sarrafawa da asid a kwaɓa da kafur, sai ta yi kyau kamar hauren giwa ko ƙoƙon kunkuru. In ta tsufa kafur ɗin ya fice, ta ƙanƙance, ta daddare kamar ƙasar fadama a bazara, daga nan ta fara fitar da tururin asid. Jitocin kamfanin Gretsch na shekarun 1950 da 1960 sun yi ƙaurin suna da wannan, robar da ta zagaye gefensu sai ta marmashe kamar ƙuli-ƙuli.

Duba ƙarafan wuyan nan. Na kusa da farantin sun yi kore, na can sama kuwa fes suke. Kusoshin sun yi tsatsa, tsirkiya biyu sun tsinke daidai wurin. Ɗaga jitar ka ga ƙyallen akwatin, ya ƙone ya yi ja, surar farantin sak. Shekara da shekaru tana rufe a ɗakin kwano, ga zafin Birnin Kebbi da ke haura digiri 40 a Afrilu, ga laimar damina. Tururin bai sami hanyar fita ba, sai ya koma kan ƙarfe da fenti. Bawan Allah yana ganin adana ta yake yi.

Na taɓa tausaya wa wani, na shafe irin wannan farantin da banish na mayar masa. Damina ɗaya aka yi ya dawo, asid ya ci har fuskar katakon. Har yau abin na damuna. Robar nan in ta fara ruɓewa ba ta da magani, kuma tana harbin 'yar'uwarta da ke kusa.

Saboda haka cire shi za ka yi, a hankali. Kada ka kusanto da wuta ko dutsen guga don ya saki, seluloid kamar fetur take kamawa. Kada ka sa tina, ruwan nan na tsinka fenti, za ta narkar da fentin asali. Kwance kusoshin, inda gam ya riƙe ka bi da siririyar wuƙa. Kafin ya farfashe, aza shi kan kwali ka zana surarsa da ramukan kusoshi, da ita za mu yanka sabo a robar zamani mai kama da shi. Ƙarafan ka shafa musu ruwan bekin soda kaɗan da auduga, ya kashe asid ɗin, ka tsane su sosai. Akwatin ka bar shi buɗe a inuwa ya sha iska.

Tsohon farantin kuma kada ka yar. Naɗe shi a takarda, ni zan ba mai ita da hannuna, in nuna masa ƙyallen nan da ya ƙone, in roƙe shi ya ajiye shi nesa da jitar. Miƙo min ƙaramin sukundireba mu fara.