Nawa ne "legua" ɗaya da "labor" ɗaya a tsohuwar takardar filin Texas?

Ka ce takardar gonar da ke hannunka ta Texas ce, daga zamanin mulkin Meziko, an rubuta "legua" ɗaya da "labor" ɗaya, kana son sanin girmanta.

Tushen lissafin shi ne "vara", sandar awon Sifaniyawa. A Texas doka ta tsayar da ita kan inci 33 da sulusi a 1919, wato santimita 84.67, vara 36 daidai take da ƙafa 100. Labor fili ne mai vara 1,000 tsawo da faɗi, eka 177.1. Legua kuwa vara 5,000 ce kowane gefe, eka 4,428.4. Jimilla gonar eka 4,605.5 ce, kusan hekta 1,864.

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗaukar varar Burgos ta Sifen, mai santimita 83.59, ko ta Kalifoniya mai inci 33. Da ta Burgos, gefe ɗaya na legua zai ragu da kusan mita 54, abin da ya isa ya haddasa rikicin iyaka da maƙwabci.

Kada ka dogara da lissafin kaɗai. Kotunan Texas suna fifita alamun ƙasa da takardar ta ambata, kamar rafi, dutse ko bishiya, a kan tsawon da aka rubuta. Nemi asalin bayanan awon a ofishin filaye na jihar da ke Austin, ka kai wa safiyo mai lasisi.