Amsa ga mai son fara ɗura harsashin .308 da kansa

Ɗan'uwa, ka ce kana Texas, kana farautar barewa da .308 Winchester, kana tambayar ta ina za ka fara. A Amurka dokar tarayya ta yarda mutum ya ɗura wa kansa, wato ya sake cika kwanso (bawon ƙarfen harsashi) bayan an harba shi, sayarwa kuwa sai da lasisin ATF, hukumar kula da makamai ta tarayya. Masu karatu daga Najeriya su sani dokar makamai ta haramta wannan aiki a gida.

Kafin matsi (na'urar da ake ɗura harsashi da ita), kafin komai, sayi littafin awo na Lyman ko Hornady. Awon albarushi daga can kaɗai ake ɗaukarsa, na irin albarushin da nauyin kan harsashin da ke hannunka. Duk awon da wani ya faɗa maka da baki, ka bar shi. Ka fara daga mafi ƙanƙanta a jadawalin, ka riƙa hawa kaɗan-kaɗan.

Matsi mai zango ɗaya ya ishe ka, sai dayis na .308 (ƙarafan da ake ɗaura wa matsi su mayar da kwanso siffarsa su kuma zaunar da kan harsashi), sikeli mai auna giren (ma'aunin nauyin albarushi), kalifa (abin auna tsawo), abin datse kwanso, man shafa wa kwanso da tabarau na kare ido.

Kwanso shi ne inda sababbi suka fi yin sakaci. Yana ƙara tsawo da kowane harbi. Iyakarsa inci 2.015, in ya kai ka datse shi zuwa 2.005, domin in ya wuce bakinsa zai danne harsashi a maƙogwaron bindiga, ƙarfin fashewa ya hauhawa. Ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka shafa cikinsa kusa da gindi. In ta maƙale a wani kwari, ko ka ga zobe mai sheƙi daga waje, kwanson ya kusa rabewa, jefar da shi. Kwanson soja na 7.62 NATO, takwaran .308, ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, awon da ya dace da na kasuwa zai iya yi masa yawa. Mai kuma, in ka manta shi kwanso zai liƙe cikin dayis, in ka cika shi kafaɗa ta lotse.

Firaima, 'yar hular da ke kunna albarushi, ta zauna ƙasa da gindin kwanso kaɗan, yatsa zai gaya maka.

Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, cikin robarsa ta asali. Albarushin ƙaramar bindiga yana ci da sauri, in ya shiga kwanson .308 bindiga ce za ta tarwatse a fuskarka. Kafin ka ɗora kan harsashi, haska tocila cikin kowane kwanso. Wanda babu albarushi, firaima kaɗai za ta iya tura harsashi ya tsaya a bututu, na bayansa ya same shi.

A filin gwaji, in sakatar bindiga ta yi tauri wajen ɗagawa ko firaima ta baje, ƙarfin fashewa ya yi yawa, tsaya nan, ka warware sauran harsasan da ka ɗura. Rubuta awo da kwanan wata a jikin kowane akwati. Ƙurar firaima na ɗauke da dalma, saboda haka wanke hannu kafin cin abinci, kada kuma yara su shiga ɗakin.